Daɓen kankaren ɗakin wanki yana sanyi kuma yana gumi: me zan shimfiɗa a kai?

Abban Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin gini. Akwai ɗan ɗaki a bayan kicin ɗinmu, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2 da rabi, nan muka ajiye injin wanki da injin busar da kaya da tankin dumama ruwa mai cin lita 150. Ƙasansa kankare ne tsirara, ko tayil ba a sa ba, kuma ya yi ƙasa da daɓen kicin da santimita 9, sai ka ɗan sauka idan za ka shiga. Lokacin sanyi ba ka iya tsayawa a kai ba takalmi, sanyin har cikin ƙashi. Abin da ya fi damuna shi ne gumin da yake yi. Jiya na ɗaga kwalin garin sabulu sai gindinsa ya zauna a ƙasa, ya jiƙe ya yi laushi, garin ya dunƙule. Ƙasan bangon da ke kallon waje kuma ya fara baƙi-baƙi. Niyyata ƙarshen makon nan in sayo farin soson nan mai tauri na tare sanyi in shimfiɗa, in ɗora katako a kai. Wane kauri ya kamata in saya?

Baba Magini:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar kauri tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Kwalin nan da ya jiƙe yana gaya maka akwai ruwa, kai kuma ba ka san daga ina yake zuwa ba. In ka rufe shi da soso da katako yau, ruwan yana nan, kai ne kawai ka daina ganinsa, kuma zai yi ta cin katakon daga ƙasa kana taka shi daga sama. Ka fara da wannan: yanko leda mai kauri, kamar santimita 45 kowane gefe, guda uku. Ka share ƙasan, ka goge shi ya bushe, ka liƙa ɗaya a tsakiyar ɗaki, ɗaya jikin bangon da ya yi baƙi, ɗaya bayan injin wanki. Ka bi gefunan da salatif mai ƙarfi yadda iska ba za ta shiga ba. Ka bar su kwana biyu ko uku, ka dawo ka gaya mana wane gefe na ledar ne ya jiƙe, samanta ko ƙasanta.

Injiniya:
Abin da Baba ya faɗa shi ne matakin farko, har a littattafan ƙa'idar gini an san gwajin nan, mafi ƙarancin lokacinsa awa 16, amma barinsa kwanaki ya fi. Ga yadda za ka karanta shi, Malam. In ruwa ya taru a ƙarƙashin ledar, ko kankaren wurin ya yi duhu, danshi ne ke tasowa daga ƙasa ta cikin kankaren. In kuwa a saman ledar ya taru, ƙasanta a bushe, to raɓa ce, tururin da ke cikin iskar ɗakin ne ke sauka kan abu mai sanyi, kamar yadda kwalbar da aka ciro daga firji take gumi. Magani biyun ba ɗaya ba ne. Sai dai in ƙara gargaɗi: ledar da ta fito a bushe ba ta zama shaidar cewa kankaren lafiyarsa lau ba, musamman in an yi gwajin a rani ko a ɗaki mai sanyi ƙwarai. In ta jiƙe ta faɗi gaskiya, in ba ta jiƙe ba akwai sauran bincike. Masu shimfiɗa daɓe suna da wani akwati mai ma'aunin danshi da suke kifawa a ƙasa, suna neman adadin ya sauka kashi 75 cikin ɗari ko ƙasa da haka kafin su rufe.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya, don Allah ka ji maganar Baba. Mu abin da kake shirin yi shi muka yi. Wanda ya yi mana aikin ya jera soson kai tsaye a kan kankare, bai sa leda ba, ya ɗora allon katako na garin itace, ya shimfiɗa ledar ɗaki a kai. Watannin farko daɗi, ƙafa ba ta jin sanyi. Damina ta biyu na fara jin wani wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Na wanke ko'ina warin yana nan. Ranar da muka jawo injin wanki, ƙafarsa ɗaya ta riga ta nutse cikin allon, na sa yatsa sai ya burma, abin ya zama kamar dusa jiƙaƙƙiya, ƙarƙashinsa duk fumfuna baƙa. Ɗaya daga cikin yarana mai asma ce, kuma ɗakin jikin kicin yake. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Duka muka kwashe muka zubar.

Abban Yara:
Subhanallah. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, Hajiya. Na fasa sayen komai, yau da daddare zan liƙa ledar. Amma kafin nan ina so in fahimci wani abu. Na sa ma'aunin zafi a kan kankaren, na sa a kan wani benci na katako da ke ɗakin, bambancin bai kai digiri 3 ba. To me ya sa kankaren yake cizon ƙafa haka, bencin kuwa ba ka jin komai?

Injiniya:
Saboda saurin da abu yake zuƙe zafin jikinka ƙafarka take ji, fiye da digirinsa. Akwai adadi da ake auna kowane kayan gini da shi, na yadda zafi ke ratsa shi, ƙaraminsa shi ne mai kyau wajen tare sanyi. Kankare mai nauyi yana tsakanin 1.4 da 2. Katako mai laushi wajen 0.13. Allunan soso kuwa suna can ƙasa: farin nan mai ƙwayoyi, irin wanda ake sako wa firji a kwali, sunansa EPS, yana wajen 0.035 zuwa 0.038. Mai santsi wanda ƙwayoyinsa ba sa fita, XPS, yana wajen 0.033. Mai fuskar gorar ruwa, PIR, yana wajen 0.022. Ka raba kauri, a ma'aunin mita, da wannan adadi ka samu ƙarfin tarewa. XPS mai santimita 5 zai ba ka kusan 1.5. Kankare mai santimita 10 yana wajen 0.06. Wato sai ka zuba kankare mai kaurin mita 2 da rabi kafin ya yi aikin allon soso mai santimita 5. Shi ya sa ko ɗan siriri ka sa, ƙafa take jin bambanci nan take.

Ɗalibin Zanen Gini:
Gafara dai manya, ni ina da ja. Kowa ya ɗauka tare sanyin ƙasa alheri ne a ko'ina, alhali ya danganta da yanayin wurin. A inda zafi ya fi yawa a shekara, kankaren da ke manne da ƙasa shi ne ke shanye zafin ɗaki da rana, domin ƙasar da ke ƙarƙashin gida ba ta zafi da sanyi da sauri irin na iska. Ka raba shi da ɗakin, ka rasa wannan sanyin na kyauta. Ga injin busar da kaya da tankin ruwan zafi suna hura zafi a ɗan ɗaki mai murabba'in mita 7 da rabi. Ni a ganina ɗakin wanki ba wurin zama ba ne, minti nawa mutum yake yi a ciki? A sa tabarmar roba a gaban injin, a huta.

Baba Magini:
Yaro bai yi ƙarya ba, akwai gidajen da ni ma zan ce a bar musu kankarensu. Amma shi mai tambaya ya ce sanyi ke damunsa har ƙasan yana gumi. Tabarmar roba a kan kankare mai gumi, ɗaga ta bayan mako ɗaya ka ga abin da ke ƙarƙashinta.

Injiniya:
Ƙanena, hujjarka mai ƙarfi ce ga gidan da ke fama da zafi wata tara ko goma a shekara. Sai dai ka lura da maganar raɓa, domin ita ba ta bar ƙasashe masu zafi ba. Iskar da take digiri 25 da danshi kashi 70 cikin ɗari, duk abin da ta taɓa wanda ya sauka digiri 19 zai jiƙe. Iska mai digiri 20 da danshi kashi 60, iyakarta wajen digiri 12. Ɗakin wanki kuwa yana cikin ɗakunan da suka fi tara tururi. Kayan auduga kilo 5, bayan inji ya matse su da kyau, suna riƙe da ruwa kusan rabin nauyinsu, wato lita 2 da rabi, kuma duk ruwan nan iska zai shiga kafin kaya su bushe. In ka sa abin tare sanyi, fuskar daɓen za ta matso kusa da zafin iskar ɗakin, raɓa ta rasa inda za ta sauka a kai. To amma za ta nemi wuri na gaba mafi sanyi, galibi ƙasan bangon waje ko gilashin taga. Saboda haka aikin ƙasa ba ya wadatarwa sai an fitar da tururin. Malam Abban Yara, injin busar da kayanka ina yake zubar da iskarsa?

Abban Yara:
A cikin ɗakin, Injiniya. Akwai wani tiyo mai faɗi a bayansa, amma ba a huda bango an fitar da shi ba, a ƙasa kawai yake kwance. Muna buɗe taga in mun tuna.

Injiniya:
To ga rabin ciwonka nan. A huda bango a fitar da tiyon waje, gajere kuma a miƙe gwargwadon iko, a sa masa murfi mai buɗewa waje kaɗai. In da hali a ƙara fankar zuƙo iska a bango. A ƙa'idar gini ta Ingila, misali, ɗakin wanki ana so fankarsa ta iya fitar da lita 30 na iska a daƙiƙa ɗaya, ninki biyu na abin da suke nema a banɗaki. Kuma a bar 'yar tazara a ƙasan ƙyauren don iskar da za ta maye gurbi ta samu hanyar shiga.

Abban Yara:
Jama'a na dawo, yau kwana uku cif. Ledar tsakiyar ɗaki: samanta ya yi ɗigo-ɗigo da safe bayan mun busar da kaya, na ɓare ta kuwa ƙasanta fes, kankaren fari. Ta bayan injin wanki ma haka. Amma ta jikin bango, da na ɗaga, kankaren ya yi duhu daidai girman ledar, kamar an zana murabba'i da ruwa, kuma cikinta ya yi gumi. Na zagaya waje na duba. Bututun da ke sauko da ruwan rufi a gindin bangon nan yake zubarwa, kuma an tara ƙasa a wurin don shuka furanni har ta kusa kai tsayin daɓen ciki.

Baba Magini:
Alhamdulillahi, gani ya kori ji. Ruwa biyu gare ka ke nan, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa. Na waje shi za ka fara kashewa. A ƙara wa bututun gwiwa da tsawo ya kai ruwan nesa da gini ko cikin magudana. A kwashe ƙasar furannin, a sauke ta aƙalla santimita 15 ƙasa da layin da aka sa abin hana danshi a bangon, in babu shi to ƙasa da daɓen ciki, a kuma karkatar da ita yadda ruwa zai gudu daga bango. Daga nan ka ba kankaren lokaci. Kada ka ƙosa, bango da daɓen da suka sha ruwa shekaru ba sa bushewa a mako ɗaya. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake gwajin leda a wurin. Shi kuwa aikin ciki, ni abin da na sani kuma na yarda da shi: leda mai kauri a ƙasa, soso a kai, wata leda, sannan a zuba sabon daɓen yashi da siminti a sa tayil. Babu katako ko ɗaya a ɗakin da ake wasa da ruwa.

Injiniya:
Baba, ba na jayayya da ingancin wannan, shi ne mafi ƙarko. Amma mu yi lissafin tsayi. Daɓen yashi da siminti da ke zaune a kan soso ba a yinsa ƙasa da milimita 65 a gidan zama, in ba haka ba zai tsage. Tayil da gam ɗinsa wajen milimita 15. Sun zama 80. Shi kuma 90 gare shi gaba ɗaya, saura 10 ke nan na soso, ba abin da za ta tsinana. Ga jira: irin wannan daɓen yana bushewa kamar milimita ɗaya a rana a santimita 4 na farko, daga nan ya ƙara nawa, wato sama da wata biyu iyali ba injin wanki. Sai dai in za a fasa tsohon kankaren a haƙa ƙasa, wannan kuma babban aiki ne a kan ɗan ɗaki.

Hanya ta biyu ita ce daɓe mai zama ba ƙusa. Leda mai kaurin milimita 0.3 a kan kankare, a haɗa bakinta da hawa juna na santimita 15 a liƙe, a ɗaga gefunanta jikin bango su wuce inda daɓen zai tsaya. Sai XPS ko PIR mai santimita 5, a jera shi ba tare da layukan sun haɗu ba, kamar jerin bulo. Sai siririyar leda a kai don tururin ɗaki kada ya sauka. Sai allon katako mai jure danshi, milimita 18 ko 22, mai baki mace da namiji, a shafa gam a kowace gaɓa, a bar tazarar santimita ɗaya tsakaninsa da bango saboda kumbura. Duka bai wuce santimita 7 da rabi ba, kuma a kwana biyu an gama.

Mai Famfo:
Injiniya, a falo ko ɗakin kwana zan sa maka hannu. A ɗakin wanki a'a. Ni ake kira in tiyo ya fashe, na san abin da nake gani. Tiyon da ke kai ruwa injin wanki a cike yake da matsin ruwa dare da rana, ko ana wanki ko ba a yi, kuma roba tana tsufa. Ranar da ya saki, ruwa zai bi tazarar nan ta santimita ɗaya ya gangara ƙarƙashin allon, ya tarar da ledarka da aka ɗaga gefunanta kamar faranti, ya zauna. Ledar da ta hana na ƙasa tasowa ita za ta hana na sama fita. Allon da aka rubuta mai jure danshi, danshi aka ce, ba a ce zama cikin ruwa ba. Sannan wanda ya gina ɗakin ya sauke shi da santimita 9 da gangan, don in ruwa ya zube ya tsaya nan kada ya shiga kicin. Kada ku cinye saukar nan duka.

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi maganar Malam mai famfo gaskiya ce. Mu a karo na biyu ba mu yarda da katako ba sam.

Injiniya:
Na karɓi wannan gyara, kuma shi ya kawo mu hanya ta uku, wadda ina ganin ita ta dace da ɗakin nan. Akwai allon XPS da aka yi wa fuska biyu da siririn siminti da raga, an yi shi ne don a liƙa tayil a kai kai tsaye. Yana zuwa da kauri daban-daban, daga milimita 6 har 50 da sama. Ana liƙa shi a kan kankare da gam ɗin tayil mai ɗan sassauci, a shafe ƙasansa gaba ɗaya da cokali mai haƙora, kada a yi ɗigo biyar a bar rami, domin duk inda aka bar fanko nan tayil zai fashe. A rufe gaɓoɓin da salatif mai hana ruwa, a ɗaga shi jikin bango, sannan tayil. Lissafi: gam 5, allo 50, gam 5, tayil 10, sun zama milimita 70. Saura 20. A ɗaki mai murabba'in mita 7 da rabi, santimita 2 na riƙe lita 150, daidai cikin tankinsa. Kafin aikin tana riƙe 675, an rage sosai, amma ba a rasa duka ba.

Abu ɗaya da mutane ke kuskure a nan: ba a liƙa komai a kan leda. In za a bi wannan hanya kuma gwaji na biyu ya nuna sauran danshi, abin hana danshi na shafawa ake amfani da shi, irin mai haɗi biyu da ake gaurayawa, a shafa sau biyu, na biyun a gicciye da na farko, a watsa masa busasshen yashi tun yana ɗanye ko a yi masa share fagen da kamfanin ya ce, don gam ya samu abin kamawa. Kafin duk wannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2 a ƙasan, in akwai kwari fiye da milimita 3 zuwa 5 a cike shi da simintin nan mai ruwa-ruwa da ke baje kansa.

Baba Magini:
To, wannan na yarda da shi, tunda babu abin ruɓewa a ciki. Amma nauyi fa? Tanki cike da ruwa a kan soso?

Injiniya:
Tambaya mai kyau, Baba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga nauyin tankin kansa, ya tasar wa kilo 200, kuma a wuri ɗaya zai zauna shekara da shekaru. Injin wanki kuma kilo 60 zuwa 80 ne, don akwai tubalan kankare a cikinsa da ke hana shi tsalle. A ɗauki mai kilo 80: kowace ƙafa kilo 20, a kan ɗan da'ira mai faɗin santimita 4, matsin ya kai wajen kilofaskal 160, tun bai fara juyi 1200 ko 1400 a minti ba. EPS na daɓe da aka fi samu kilofaskal 100 ne aka rubuta masa, XPS kuwa yawanci 300, kuma adadin nan na lokacin da allon ya riga ya lotsa da kashi 10 cikin ɗari ne, nauyin da zai ɗauka na dindindin ya yi ƙasa da haka sosai. Tayil mai kauri yana baza nauyin, shi ya sa injin ba shi da matsala a kan XPS, kuma kada a sa ƙananan tayil irin na ado. Tanki kuwa ni zan zuba masa ɗan dandamalin kankare a kan tsohon daɓen kai tsaye, allunan su zo su kewaye shi. Za a ɗan rasa zafi ta nan, amma hankali zai kwanta.

Mai Wayarin:
Ku ba ni wuri in sa baki kafin a rufe. Kada wayar wuta mai rigar PVC ta taɓa EPS ko XPS. Sinadarin da ke sa rigar laushi yana fita ya shiga soson, soson ya narke a wurin, rigar wayar ta bushe ta fara tsagewa. In dole waya ta ratsa, a sa ta cikin bututunta. Kuma wayar da aka binne cikin abin tare zafi ba ta iya fitar da nata zafin, ga injin busar da kaya da hita masu jan wuta da yawa. A bi da su ta bango, soket ya yi sama da ƙasa sosai, layin kuma ya kasance da na'urar da ke yanke wuta in ta zube, mai miliamfiya 30. Soson nan yana ci da wuta, yana yin laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, don haka kada a bar shi tsirara kusa da abin da ke aiki da gas ko bututun hayaƙi.

Ɗalibin Zanen Gini:
Na gamsu da maganar raɓa, Injiniya, na gode. Ƙari biyu daga abin da muka karanta. Gam ko kwalta mai sinadari irin na fetur yana narkar da EPS da XPS, a duba gwangwanin kafin a shafa. PIR kuma, in za a zuba ɗanyen siminti a kansa sai an raba su da leda, don siminti yana cin fuskar gorar ruwan. Sannan inda gara take da yawa, ba ta cin soson amma tana haƙa hanya a cikinsa ta ɓuya, a kula da gefunan da ke jikin bangon waje.

Mai Famfo:
Tunda za a jawo injuna waje, a yi aikin famfo gaba ɗaya. A sauya tiyon shiga da sabo mai rigar ƙarfe, a sa makunnin ruwa a inda hannu zai kai ba sai an ja inji ba. Duk gaɓar bututu ta tsaya a sama inda ido ke gani, kada a binne ko ɗaya a ƙarƙashin allon. In akwai magudana a ƙasan ɗakin a ɗago bakinta ta yi daidai da sabon tayil, a karkatar da daɓen wajenta, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Bututun da tanki ke fitar da ruwa in matsi ya yi yawa, shi ma a kai shi magudana ko waje.

Abban Yara:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Jiya an ƙara wa bututun rufi tsawo, ni da yarana muka kwashe ƙasar furannin, da muka sauke ta bulon da ke ƙarƙashi jiƙe yake sharkaf har yana ɗaukar hoton yatsa. Gobe za a huda bango a fitar da tiyon injin busar da kaya. Zan bar wurin wata biyu in sake liƙa leda. Na tsaya a kan hanya ta uku, allo mai santimita 5. Babu magudana a ɗakin, Malam mai famfo, zan so ka gaya mini ko faranti a ƙarƙashin injin zai wadatar. Saura ƙyauren: ciki yake buɗewa, kuma ƙasansa ya sauka har kusa da kankaren. In yanke santimita 7 daga ƙasansa?

Mai Famfo:
Faranti mai bututun da ya fita waje ta bango zai tare yoyon yau da kullum. Ka ƙara da 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara in ruwa ya taɓa ta, ka ajiye a bayan injin.

Baba Magini:
Kafin ka sa zarto, ƙwanƙwasa ƙyauren ka ji. In cikinsa fanko ne, katakon gaske da ke ƙasansa bai da faɗi, ka yanke santimita 7 ka fita daga cikinsa ka bar rami a buɗe. Kafinta zai iya ciro katakon daga guntun da aka yanke, ya kankare shi, ya mayar ciki da gam. Kuma kada a yanke yanzu. A bari sai tayil ya zauna, a auna daga samansa, a bar santimita ɗaya na iskar da Injiniya ya ce.